Guguwar gobe Juma'a: mu kama hanyar Glasgo da su Alhaji ko mu haƙura?

Alhamis, 23 ga Janairu 2025

Baban Hanan (Manchesta), 11:42
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema kuma da gaggawa dan kaina ya ɗau zafi. Kun san su Alhaji da Hajiya sun zo daga Kano bikin gama karatun ƙanwata, an yi an gama lafiya alhamdulillah. Toh tun kafin su taso nake ta cika baki cewa sai na kai su Sikotlan sun ga duwatsu da dusar ƙanƙara da idonsu, Alhaji har ya sanar da 'yan majalisarsu na ƙofar gida. Yadda na tsara shi ne gobe bayan asuba mu hau M6, mu riski Juma'a a babban masallacin Glasgo, mu kwana, Asabar mu bi A82 ta Loch Lomond da Glencoe har Fort William, Lahadi mu juyo, jirginsu ranar Talata. Mu bakwai ne har yara biyu, na ɗauko hayar doguwar mota mai cin mutum tara tana nan a ƙofar gida. Yanzu kuma wai masu hasashen yanayi sun saka jan gargaɗi na guguwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma daidai inda za mu bi. Otal fam 410 na biya kuma irin wanda ba a maido kuɗi ne, mota fam 290. Na ɗan taɓa wa Alhaji maganar ya ce iska ce kawai za ta hana mu tafiya? Ya zan yi?

Maman Sadiq (Glasgo), 11:49
Wa alaikumus salam. Baban Hanan kar ka zo. Ba na son in ja zance, kar ka zo gobe. An rufe makarantun yara, ScotRail sun ce ba jirgin ƙasa ko ɗaya da zai tashi a duk faɗin ƙasar gobe, 'yan sanda sun ce kowa ya zauna a gida, John Swinney shugaban gwamnatin Sikotlan ma ya fito ya faɗa da bakinsa. Ni da nake aikin kula da tsofaffi an ce in zo da kayan kwana yau in kwana a wurin aiki dan ba a san yadda safiya za ta kasance ba.

Sarkin Yawo (Bradford), 11:53
Kai jama'a, Turawan nan fa tsoronsu ya yi yawa. Ruwa kaɗan gargaɗi, rana ta ɗan yi zafi gargaɗi, yanzu kuma har suna suke raɗa wa iska kamar jaririya, wai Éowyn, ni ko faɗar sunan ban iya ba. Shekarata shida a ƙasar nan sau nawa aka ce guguwa za ta tashi duniya aka wayi gari ba abin da ya faɗi sai kwandon shara? Baban Hanan ka tashi ƙarfe biyar, kafin goma kana Glasgo kana shan shayi. Mil ɗari biyu da 'yan kai ne fa, awa huɗu ma ba ta cika ba. Kuɗin nan in ka juya su naira sun haura miliyan, haka kawai za ka bar wa Bature?

Maman Sadiq, 11:55
Wanda kake gani a Bradford ai rawaya ne Sarkin Yawo, wani lokacin ruwan goro. Ja daban ne, ba kasafai ake sa shi ba, kuma ma'anarsa rai na cikin haɗari. Ka taɓa zama a cikin ja?

Sarkin Yawo, 11:56
Ban taɓa ba Hajiya, amma na taɓa tuƙi daga Kaduna zuwa Birnin Gwari da daddare, wanne ya fi?

Ɗan Fagge (Leeds), 12:20
Hahaha Sarkin Yawo ɗan fashi ana iya ba shi haƙuri ko a ba shi kuɗi, iska fa? Bari in yi magana a matsayina na wanda yake cin abinci a kan titin nan, shekara huɗu ina jan motar kai kaya tsakanin Leeds da Carlisle da Glasgo. Lissafinka na a tashi biyar a isa kafin goma a takarda ne kawai yake aiki. Na farko shi jan ne yake farawa goma, amma na ruwan goro tun shida na safe ya hau kan arewacin Ingila, wato tun kuna wajen Lancaster kun riga kun shiga ciki, iska ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce da za ta jira goma ta buga ta sa hannu. Na biyu ku dubi yadda hanyar take kwance, M6 da M74 kudu da arewa suka miƙe, iskar kuma daga yamma za ta taso daga teku, ke nan ba gaba za ta tare ka ba ba baya za ta turo ka ba, a haƙarƙari za ta dinga dukan motar tun daga Preston har ka shiga gari. Wurare biyu ne nake jin tsoro ko a ranar da ba guguwa, hawan Shap bayan ka wuce Tebay, da Beattock bayan ka tsallaka iyaka. Fili ne fetal a kan tudu, ba bishiya ba gini, sai tumaki da katangar dutse. Akwai ranar da na fito daga bayan wata tirela a Shap, ita ce ashe take kare min iskar, ina wuce kanta kawai na ji an ɗauke ni an ajiye a layin da ke gefe, wlh ban juya sitiyari ba, kuma ran nan gargaɗin rawaya ne kawai. Sai da na tsaya a gaba na kusa rabin awa hannuna na rawa na kasa buɗe robar ruwa. Motar da ka ɗauko mai mutum tara ai bango ce mai taya, tsayinta ya kusa na wadda nake ja, gara ma ƙaramar mota sau goma.

Baban Hanan, 12:26
Innalillahi. Ni fa ban ma taɓa jan irinta ba sai jiya da na ɗauko ta, daga wurin hayar zuwa gida ma sai da na hau dakali sau biyu.

Ɗan Fagge, 12:27
Toh ka gani.

Basakkwace (Newcastle), 12:35
Yaya ni dai abin da nig gani, mi zai hana ku tashi yau? Yanzu sha biyu da rabi, in kun fita ƙarfe ukku kuna isa bakwai ko takwas na dare tun iskar ba ta taso ba, ku ƙara kwana guda ga otal ɗin, gobe ku zamna ɗaki har ta wuce. Kuɗinku ba su ɓace ba, kuma ba ku shiga hatsari ba.

Sarkin Yawo, 12:36
Yauwa ga mai hankali ya zo. Na sauka daga tawa na hau ta Basakkwace.

Maman Sadiq, 12:48
Ta fi ta farko amma ku tsaya ku duba. Za ku kwaso tsofaffi biyu da yara biyu ku shigo tsakiyar abin da mu muke neman hanyar tsira daga gare shi, ku zauna a ɗakin otal tun safe har dare, shaguna a rufe, wurin abincin halal ɗin da kuke sa rai a rufe, in aka ɗauke wuta ba hita ba lifta ba ruwan zafi, Hajiya da ka taɓa cewa tana fama da gwiwa ta sauko daga hawa na nawa? Kuma motar hayar a ina za ta kwana? In a titi ne, bulo ɗaya ya faɗo daga saman tsofaffin gidajen nan namu na Glasgo shikenan kuɗin ajiyarka ya tafi. Sannan Asabar ɗin da kuke ƙwallafa rai a kai, A82 siririyar hanya ce, gefe ɗaya ruwa gefe ɗaya bishiyoyi, wa ya ce muku za a gama sare abin da ya faɗi kafin safiya? Ga shi an ce sanyi da ƙanƙara ne za su biyo bayan iskar. Rana kuma ƙarfe biyar ba ta yi ta faɗi, dajin Rannoch Moor da hanyar ta ratsa cikin duhu ba wurin koyon doguwar mota ba ne.

Yaya Babba (Edinbara), 13:15
Ina karanta ku tun ɗazu ina kan aiki. Baban Hanan ƙanina, ni na taɓa yin irin lissafin nan na "bari in riga ta". Ƙarshen Fabrairun 2018 ne, lokacin dusar ƙanƙarar nan da ta zo daga gabas, ranan ma ja aka saka. Na je Glasgo da safe na ce zan gama abin da nake in fito kafin abin ya yi tsanani, na hau M80 wajen la'asar. A nan na kwana. Ba ni kaɗai ba, motoci wajen dubu ne, tireloli sun kasa hawa tudu sun toshe hanya, ba gaba ba baya. Mai saura kwata, sai in kunna mota minti goma in ji ɗumi in kashe, ƙafafuna na daina jin su, abin da ke cikin motar dabino ne guda bakwai da rabin robar ruwa. Sallah a zaune na yi ta da taimama a jikin kujera, ban ma san ko ta yi ba Malam ya faɗa mana. Wani Bature daga ƙauyen da ke kusa ya sauko da ƙafa da fulas yana bi mota mota yana zuba wa mutane shayi, har gobe ina yi masa addu'ar shiriya. Abin da ya fi damuna daren nan ba sanyin ba ne, tunanin me ya fito da ni ne, dan abin da na je yi Glasgo ko waya ta isa ta gama shi. Ni kaɗai ke nan, ina da shekara talatin da 'yan kai. Kai kuma iyaye za ka ɗauka.

Baban Hanan, 13:24
Yaya Babba jikina ya yi sanyi wlh. Gaskiya ni a raina na riga na haƙura tun bayanin Ɗan Fagge, kuɗin ma na sallama duk da suna min ciwo. Matsalar Alhaji ce. Mutumin nan shekara talatin yana harkar manyan motoci, shi da kansa ya ja Kano Legas kafin ya sayi nasa, ya sha gaya mana yadda yake ratsa hazo fitila a kunne da rana tsaka. In na je na ce masa Baba na fasa saboda iska, kallon da zai min kawai nake hangowa. Ɗazu ma cewa ya yi zaman Turai ya mayar da mu 'yan gayu, kuma abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ban taɓa musu da shi ba tun da nake, ban san ta inda ake farawa ba.

Sarkin Yawo, 13:26
Alhaji namu! Ka gaishe shi, ka ce yana da ɗa a Bradford.

Malam Ƙarami (Leicester), 13:50
Sarkin Yawo ka daina zuga wuta. Baban Hanan, maganar Alhaji gaskiya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa, amma ba mu san me ya rubuta ba shi ya sa aka ce mu yi sababi. In kuma Juma'ar ce take ja, ya tabbata cewa Ibn Abbas ya umarci ladaninsa a ranar Juma'a da ake ruwa ya ce wa mutane su yi sallah a gidajensu, da mutane suka ga abin baƙo ya ce wanda ya fi shi ne ya aikata haka. Ruwa da taɓo ke nan fa, ina ga iskar da ke ɗaga rufin gida. Kuma ku matafiya ne ma in kun fita. Sai dai ban ba ka shawarar ka je ka karanta wa mahaifinka hadisi ba, ba a yi wa babba haka, zai ji kamar ka mayar da shi ɗalibi. Yaya Babba sallarka ta yi in sha Allahu, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba.

Yaya Babba, 13:52
Allah ya gafarta Malam, shekara bakwai ina ɗauke da tambayar nan.

Basakkwace, 14:03
Wani abu kuma, ni na ji an ce in ka fita cikin jan gargaɗi inshora ba ta biya ko mi ya faru. Gaskiya na?

Ɗan Fagge, 14:12
Ba haka ba ne, duk shekara sai an yaɗa wannan. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasar nan ta sha fitowa ta ce jan gargaɗi shi kaɗai ba ya kashe inshora. Amma in aka ga ganganci ka yi, misali an rufe hanya ka kutsa, toh nan za a yi ta ja da kai. Motar haya kuma ka duba takardarka, akwai kason da kai za ka fara biya daga aljihunka kafin su su biya, wani wurin ya kai fam dubu ko fiye, kuma da yawa ba sa ɗaukar gilashi da rufi da taya. Amma mu bar wannan, Baban Hanan dawo kan Alhaji. Kuskuren da kake yi kana masa maganar kala, ja ne ruwan goro ne, shi wannan ba yarensa ba ne, a kunnensa kamar ka ce likita ya hana shan shayi da sukari. Tsohon direba ne, ka yi masa maganar direbobi. Ka fita da shi ya zagaya motar ya ga tsayinta, ka buɗe masa taswira ya ga yadda hanya ta miƙe, ka nuna masa ta inda iskar za ta bugo, ka ce ana maganar mil 90 zuwa 100 a awa, ka juya masa kilomita dan shi ita ya sani, wajen 160 ke nan. Daga nan ka ja bakinka ka yi shiru. Kar ka ce ka fasa, ka ce Baba ku ne kuka san hanya, ya kuka gani. Ba direban babbar motar da bai taɓa ganin iska ta kwantar da mota ba kaya a farkon damina ba.

Maman Sadiq, 14:15
Ko kuma ka bi ta wajen Hajiya, an gama.

Baban Hanan, 14:17
Hajiya tun jiya ta ce ita sanyin Manchesta ma ya ishe ta, amma a gabansa ba za ta ce komai ba. Bari in gwada ta Ɗan Fagge bayan la'asar.

Ɗan Damagaram (Galway), 15:40
Salamu alaikum, yanzu na ga zancen. Ku kuna shawara, mu nan Ailan ƙasar gaba ɗaya ja ce, ba lakwal (makaranta) ba aiki ba bas gobe. Na je kanti neman burodi da kyandir ban samu ko ɗaya ba, sai batir na samo da ruwa. Mu ne a bakin teku, ta kanmu za ta fara kafin ta iso gare ku, in kuran (wutar lantarki) bai ɗauke ba zan ba ku labari da safe. Ni na san iskar rairayi a hanyar Tanut zuwa Agadas, kamiyo tsayawa yake a juya masa baya a jira, ban taɓa ganin direban kirki ya ce zai yi tsere da ita ba.

Sarkin Yawo, 15:44
Toh yanzu kowa ya taru a kaina. A watan jiya ma da aka yi guguwar Darragh har wasan Everton da Liverpool aka ɗage, na zauna na shirya kallo aka ce iska, me ya faru a ƙarshe?

Yaya Babba, 15:47
Mutane sun mutu Sarkin Yawo, bishiya ta faɗo kan motocinsu. Dan bai faru a layinku ba ba yana nufin bai faru ba.

Sarkin Yawo, 15:49
Allah ya sa mu cika da imani. Ban san da wannan ba gaskiya.

Maman Sadiq, 18:06
Jama'a yanzun nan wayoyinmu suka yi wata irin ƙara gaba ɗaya, tawa a kashe murya take amma sai da ta yi, saƙon gaggawa ne daga gwamnati. Wata tsohuwa da nake ba wa abinci ta saki cokali ta ce yaƙi aka fara? Baban Hanan ina labari?

Baban Hanan, 19:31
Afuwan, ga ni. Ɗan Fagge Allah ya biya ka, ban san me zan ce maka ba. Bayan la'asar na ce Baba ku zo ku duba min motar nan ban yarda da tayar baya ba. Ya saka babbar rigar sanyina a kan jallabiya ya fito, ya zagaya ta, ya bubbuga taya da ƙafa, ya dafa gefenta ya girgiza da hannu ɗaya ya ga yadda take lilo, ya ce wannan ai akwati ce. Na buɗe masa taswira na yi yadda ka ce. Tambaya ɗaya ya yi min, iskar ta ina za ta zo, na nuna masa, ya sa yatsa ya bi hanyar tun daga Preston har sama ya ce duk nan a gefe za ta same mu ke nan? Na ce eh. Ya ce gudun nawa ka ce, na ce 160. Ya yi shiru can ya ce ko mota ce take wannan gudun ai ba a tsaya mata a hanya ba. Sai ya shiga ba ni labarin wata motarsa da ta sauke kaya tana dawowa ba komai, hadarin farkon damina ya kwantar da ita, yaron motar ya karye a cinya, labarin da ban taɓa ji ba duk tsawon rayuwata. Muna komawa ciki ya ce wa Hajiya ya duba ya ga tafiyar gobe ba za ta yiwu ba, ya hana ni, wai yaran yanzu ba sa lissafi sai gaggawa. Na ce haka ne Baba, a yi haƙuri. Matata ta shige kicin da gudu dan kar dariya ta ƙwace mata.

Ɗan Fagge, 19:34
Hahahaha ka ci faɗan a madadinmu duka. A gaida Alhaji, a ce yaransa na kan titi suna neman albarka.

Basakkwace, 19:36
To kuɗin otal fa?

Baban Hanan, 19:40
Na Fort William na kira, matar da ta ɗauka ta ce ita ma ba ta so mu taho, ta mayar min da kwanan zuwa watan Afrilu ba ƙarin ko kwabo. Na Glasgo ne suka ce sai dai in bi ta manhajar da na kama ɗakin, manhajar kuma ta ce sai otal ya yarda, tun biyar ake buga ni kamar ƙwallo.

Yaya Babba, 19:48
Kar ka danna sokewa da kanka, in ka danna ka yarda da asarar ke nan. Ka bari sai da safe manaja ya zo, ka ce ba kuɗi kake so a maido ba, daren Juma'a kake so a mayar maka daren Asabar. Sun fi saurin yarda da canjin rana, dan su ma gobe rabin ma'aikatansu ba za su iya zuwa ba. Ka rubuta musu a saƙo kuma, kar ka tsaya a waya kawai.

Juma'a, 24 ga Janairu

Ɗan Damagaram, 08:12
Muna lafiya alhamdulillah amma ban taɓa jin abu irin na daren jiya ba, tun wajen ƙarfe uku gidan ke kuka kamar jirgi zai sauka a kan rufi. Ba kuran, caji saura 30. A rediyo sun ce a Mace Head nan yamma da mu an auna kilomita 183 a awa, ba a taɓa auna irinta ba a ƙasar, ta karya ta 1945. Gidaje fiye da dubu ɗari bakwai ba wuta. Tana tahowa wajenku, sai an jima zan kashe waya.

Ɗan Fagge, 09:05
An rufe A66 tun dare, an rufe hanyar Woodhead, jiragen ƙasa ma an ce kar a wuce Preston. Mu an ce kar wanda ya fito da mota yau.

Maman Sadiq, 14:40
Ina leƙe ta taga daga wurin aiki, wata trampolin ta yara ta taso daga wani gida ta tsallake katanga biyu tana maƙale a jikin fitilar titi. An ce an auna mil 100 a Drumalbin, Ɗan Fagge ba kusa da hanyar ba ne?

Ɗan Fagge, 14:43
Gefen M74 ne kaɗan, ta yankin za su wuce. A1 ma an rufe wani sashe wajen Dunbar saboda motocin da suka kife. Sarkin Yawo ina kake?

Sarkin Yawo, 15:02
Ina nan ina neman murfin kwandon sharata, na bi layi biyu ban gan shi ba. Katangar katakon da ke tsakanina da maƙwabciyata ma ta kwanta, yanzu muna kallon juna daga kicin. Ban ce komai ba.

Baban Hanan, 15:20
Mun yi Juma'a a nan kusa da gida, a hanyar dawowa iska ta cire hular Alhaji, zanna bukar ce sabuwa, Hanan ce ta bi ta da gudu ta cafko ta a ƙarƙashin wata mota. Tun da muka dawo yake zaune gaban talabijin yana kallon tirelolin da suka faɗi yana cewa ba kaya a cikinsu, duba yadda ta kwanta, wannan ma ba kaya. Ya kira 'yan majalisarsu ta bidiyo ya ce musu shi ya hana tafiyar.

Asabar, 25 ga Janairu

Baban Hanan, 20:55
Mun iso Glasgo. Yaya Babba dabararka ta yi, sun mayar min da daren amma sai da suka ƙara fam 35 wai Asabar ta fi tsada, na biya ban ce uffan ba. Sai sha ɗaya muka fito da rana ta ɗaga saboda ƙanƙarar safe, Alhaji a gaba yana lura da allura, in na haura 60 sai ya yi gyaran murya. A Shap ya ce in rage, ya dubi filin nan ya ce nan ne wurin da yaron nan ya faɗa ko? Akwai fari fari a kan tuddai, mun tsaya a wurin hutawa Hajiya ta ɗebi kaɗan a hannu ta ce ashe kamar garin ƙanƙarar firji ce, ta koma mota. Daga iyaka zuwa nan bishiyoyi ne a kwance an yanyanka an ture gefe, allunan hanya a lanƙwashe. Wasan Celtic ma an ɗage yau saboda filin ya taɓu. Glencoe sai wani jiƙon, gobe za mu ɗan zaga gari mu juyo da wuri dan an ce wata guguwar na tafe ta kudu.

Maman Sadiq, 21:01
Sannunku da zuwa. Gobe kar ku karya a otal, ku biyo ta gidana na jiƙa wake tun ɗazu zan yi wa su Hajiya ƙosai da kunun gyaɗa. Zan turo maka adireshi ta gefe.

Sarkin Yawo, 21:04
Ɗakin Fort William na Afrilu fa, su Alhaji sun koma kafin nan, wa za ka tafi da shi? Ina tambaya ne kawai.

Baban Hanan, 21:06
Ka fara gyara katangar maƙwabciyarka tukuna.